Nazarin Lamari: Faifin da Ya Ɓata Rigunan Filon Ɗakin Wata Amarya, da Yadda Aka Gyara Shi

An karɓi aikin da wannan nazari ya shafa a wani shagon ɗinki da ke cikin birnin Kano, a tsakiyar hunturu, saura kwana 11 a yi jere. Uwar amarya ce ta kawo shi da kanta, kuma abin da ta nema bai fi ƙarfin shagon ba: rigunan filon kujera guda 12 masu inci 18 a kowane gefe, da rigunan dogon filo guda biyu mai siffar ganga irin wanda ake ajiyewa a kan gado, sai doguwar rigar shadda ɗaya wadda amarya za ta sa ranar buɗar kai. Ta sayo yadin jikin filon a Kantin Kwari, ruwan madara, mai ɗan kauri, haɗin auduga da foliyesta, ta haɗo da wani yadin auduga ruwan makuba domin a zagaye bakin kowane filo da faifin. Rigar ma ta ce a yi mata faifin a wuya da bakin hannu, amma da ragowar wata shadda mai duhu.

Faifin, ga wanda ba tela ba, igiya ce da ake lulluɓewa da siririn zirin yadi, a cusa ta tsakanin ɓangarori biyu na abin da ake ɗinkawa, ta yadda idan aka juya ɗinkin igiyar kaɗai za ta leƙo a matsayin layi mai tudu. Yana ƙawata abu, yana kuma tsayar da bakinsa ya hana shi saurin cinyewa, shi ya sa ake ganinsa a bakin katifa da kujerun kushin da wuyan kaftani. Dukawa sun daɗe da sanin wannan dabara, domin sukan sa siririyar fata a tsakanin ɗinkin tumtum da jaka, sai dai ita fata ba ta da zaren tsaye da na kwance, ko ta ina aka yanke ta tana iya lanƙwasa. Yadi ba haka yake ba, kuma daga wannan bambanci ne matsalar aikin nan ta faro.

An kai kayan a kan lokaci, aka yi jere, aka yi biki. Bayan mako uku Hajiya, uwar amarya, ta dawo shagon da buhu. Mai shagon tsohon yarona ne, a hannuna ya koyi ɗinki, sai ya kira ni a waya ya ce, "Baba, don Allah ku zo ku duba mini wani aiki, na rasa inda laifin yake." Abin da ke biye shi ne abin da na tarar da kuma abin da muka yi.

Abin da ke cikin buhun

Sa'ar da muka yi ita ce kayan sun kasu gida uku da kansu, ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Rigunan filo huɗu an wanke su, saboda ƙurar hunturu da hannun 'yan ganin ɗaki sun dafar da su. Takwas da dogayen filon biyu ba su ga ruwa ba. Rigar amarya kuwa an wanke ta sau biyu an goge. Da an wanke komai, ko da ba a wanke komai ba, da gano tushen kowane aibi ya yi wuya ƙwarai.

Rigar ba ta da abin cewa. Faifin wuyanta ya kwanta sumul, ya bi zagayen wuyan ba tare da ya tashi ko ya murɗe ba. Rigunan filo takwas da ba a wanke ba, gefunansu huɗu a miƙe suke, amma a kowace kusurwa zirin ya murɗe, ya yi 'yan layuka a karkace, kusurwar kuma ta ɗaga sama kamar kunnen akuya. Dogayen filon sun fi muni, tun da bakinsu da'ira ce gaba ɗaya, murɗewar ta zagaye su tun daga farko har ƙarshe. Su kuwa huɗun da aka wanke sun haɗa duk wannan da wasu aibobi biyu: bakinsu ya tattare kamar an zura mazagi an ja, kuma launin makuba ya zuba a kan ruwan madara. Da na matsa faifin da yatsa sai na ji igiyar tana yawo a cikin rigarta, wannan kuma a duka goma sha huɗun ne.

Na tambayi wanda ya yi kowane aiki. Mai shagon ne ya yanka ya ɗinka rigar da hannunsa. Rigunan filo kuwa ya yanka jikinsu, ya bar wa wani yaronsa da ya yi kimanin shekara biyu a shagon yankan ziri da haɗawa, domin shi yana fama da ɗinkunan ango da abokansa.

Yankan zirin

Na sa aka farke rigar filo ɗaya da reza. Da na ja zirin ta tsawonsa bai motsa ba ko kaɗan, alamar an yanke shi ne a miƙe, bisa layin zare. Yadi saƙa ce ta zare biyu, na tsaye da na kwance, kuma idan aka ja shi ta ɗayansu kusan ba ya miƙewa. Idan aka yanke shi a karkace, a kusurwar digiri 45 tsakanin zarurrukan biyu, wato yankan da teloli ke kira bayas, sai ya zama yana miƙewa yana kuma tsukewa. A wurin lanƙwasa, gefen waje na zirin yana buƙatar tsawo fiye da gefen ciki. Zirin bayas yana ba da wannan tsawon da kansa, amma wanda aka yanka a miƙe ba shi da inda zai samo shi, sai ya murɗe a jikin igiyar ya ja kusurwar sama. Wannan ne ya sa gefunan filon suka yi kyau a inda layi ya miƙe, suka lalace a kusurwa. Yankan miƙe ba laifi ba ne a kowane hali, ana iya yinsa a dogon gefen labule inda babu lanƙwasa, amma ba a filo ba, balle a da'ira.

Da na tambayi yaron dalili, sai ya ce, "Baba, Oga ya ce yadin ba shi da yawa, in lallaɓa shi, ni kuma na ji ana cewa bayas yana cin yadi." Wannan magana ta yaɗu a tsakanin masu koyo, kuma tana da tushe, domin idan riga sukutum za a yanka a karkace lallai za a yi asarar yadi mai yawa. Amma a yankan siraran ziri lissafin ba haka yake ba, kuma na zaunar da su biyun muka yi shi a takarda.

Zagayen filo mai inci 18 inci 72 ne, wato yadi biyu cif. Idan aka ƙara inci 3 na haɗa baki ya zama 75, sau 12 ya ba da inci 900, wato yadi 25 na faifin. Bakin dogon filo faɗinsa inci 8 ne, zagayensa kimanin inci 25, da rarar haɗawa 27, baki huɗu ke nan inci 108. Jimla inci 1,008, wato yadi 28. Faɗin zirin kuma ana samunsa ne ta hanyar auna abin da zai zagaye igiyar a ƙara rarar ɗinki sau biyu. Igiyar da aka yi amfani da ita kaurinta kwatan inci ne, zagayenta kimanin kwata uku na inci, rarar ɗinki rabin inci sau biyu inci ɗaya, saboda haka zirin ya kamata ya zama inci 1¾. Idan aka ninka 1,008 da 1¾ za a sami murabba'in inci 1,764. Hajiya ta sayo yadi ɗaya da rabi mai faɗin inci 45, wato inci 54 sau 45, wanda ya ba da murabba'in inci 2,430. Ko a miƙe aka yanka ko a karkace, faɗin da zirin ke ci ɗaya ne. Asarar bayas ba ta wuce 'yan ƙananan kusurwoyi biyu da ke ragewa da abin da mahaɗar ziri ke ci ba. Yadin ya isa har da saura, kuma sauran yana nan a shagon, an naɗe shi an ajiye. A ganina abin da yankan miƙe ya rage wa yaron lokaci ne kawai, domin ya fi saurin zanawa da alli, kuma da ƙyar ya kai sa'a ɗaya.

Igiyar

Tattarewar da ta biyo bayan wanki ba daga zirin take ba. Igiyar auduga ce mai tufka uku, wadda mai shagon ya sayo a kasuwar Ƙofar Wambai, aka kuma sa ta a ɗinki kai tsaye daga ƙullinta. Domin kada mu tsaya kan zato, na yanki yadi ɗaya cif daga ragowarta, na ɗaure bakinta biyu da zare, na jiƙa ta a ruwan zafi, aka shanya ta a inuwa. Washegari muka auna, ta dawo inci 34½. A zagayen inci 72 wannan raguwar inci 3 ce. Jikin filon, da yake rabinsa foliyesta ne, bai tsuke ba sai abin da ba a rasa ba. Ke nan igiya ta gajarta, yadin da aka ɗinke a jikinta bai gajarta ba, dole ya tattare domin ya bi ta, kuma guga ba ta maganin irin wannan tattarewar, domin ko an danne ta da dutsen guga tsawon da ya ɓace ba zai dawo ba. Hajiya ta ce sun gwada har da yayyafa ruwa.

A rigar amarya mai shagon ya yi amfani da siririyar igiyar foliyesta wadda ba ta kai kaurin ashana biyu ba, ita kuwa ba ta tsukewa a wanki. Ya amsa cewa ba don ya yi tunanin tsukewa ya zaɓe ta ba, sai don ita ce kaɗai siririya a shagon.

Zubar launi kuwa ba ta buƙatar dogon bincike. Na jiƙa farin ƙyalle, na ɗora a kan ragowar yadin makuba, na danna da dutsen guga mai zafi, ƙyallen ya tashi da ja. Gwajin bai ɗauki minti biyu ba. Mun wanke guntun yadin sau uku, har an jiƙa shi a ruwan gishiri kamar yadda wasu ke yi, amma bai daina zuba ba, sai muka haƙura da shi baki ɗaya.

Yawon igiya a cikin rigarta laifin ƙafar keke ne. Yaron ya yi aikin a kan baƙin keken Butterfly na takawa, da ƙafar da ake ɗinki na yau da kullum, wadda ke da yatsu biyu, ɗaya a kowane gefen allura. Yatsan da ke ɓangaren igiya yana hana allura kusantarta, sai ɗinkin ya faɗi nesa da ita da kusan kwatan inci. Ƙafar zif mai yatsa ɗaya ita ce ta dace, ko ƙafar faifin mai kwari a ƙarƙashi wadda igiyar ke bi ta cikinsa. Akwai ƙafar zif a aljihun keken, bai dai ɗaura ta ba.

Gyaran

Mun fara da abin da ya kamata a fara da shi tun asali. An sayo sabon yadin makuba haɗin foliyesta, aka yi masa gwajin farin ƙyalle tun kafin almakashi ya taɓa shi, aka wanke shi, aka goge. Igiyar auduga muka ci gaba da amfani da ita, domin ta fi ta foliyesta laushi kuma ta fi bin kusurwa, amma an jiƙa duka yadi 30 a ruwan zafi sau biyu, aka bar ta ta bushe sarai. An farke dukkan rigunan, an wanke jikinsu har da na waɗanda ba su taɓa ganin ruwa ba, domin kowane ɓangare ya gama tsukewar da zai yi kafin a haɗa shi da ɗan'uwansa.

An naɗe sabon yadin ta yadda bakinsa ya hau kan faɗinsa, layin naɗin ya ba da bayas na gaskiya, daga nan aka zana layuka masu tazarar inci 1¾. Wajen haɗa ziri da ziri an ɗora bakunansu ne a gicciye, fuska da fuska, aka ɗinka a karkace, aka buɗe rarar da guga. Haɗin karkace yana rarraba kaurin mahaɗar a tsawon zirin, ba ya tara shi wuri guda ya zama ƙulli a kan igiya.

Inda na fi tsayawa a kan yaron shi ne layukan ɗinki, domin faifin yana shiga ƙarƙashin allura sau uku, kuma kowane layi dole ya fi na bayansa kusa da igiya. Layin farko, na lulluɓe igiyar, ana yinsa da dogon taku, a ɗan nesa da ita kaɗan. Na biyu, na manna faifin a fuskar gaban filo, yana matsowa kusa. Na uku, na rufewa da bayan filo, shi ne ke matse igiyar sosai, kuma ana yinsa ne gaban filon yana sama domin a riƙa ganin layi na biyu ana bin cikinsa. Wanda ya matse igiyar tun a layin farko ba zai sami wurin da zai ɓoye shi ba, idan aka juya rigar zai ga zare yana leƙowa a gindin faifin. Mun yi amfani da allura mai lamba 16, saboda a wurin rufewa keke yana huda yadi ninki huɗu.

A kusurwa ba mu bi murabba'in yadda yake ba, mun ɗan zagaye ta kaɗan, muka tsaga rarar faifin sau uku da bakin almakashi ba tare da an kai ga layin ɗinki ba, domin ta buɗe ta kwanta. Ƙa'idar da na koya wa mai shagon tun yana yaro, wadda shi kuma bai miƙa ta ga yaronsa ba, ita ce a lanƙwasa mai fitowa waje kamar kusurwar filo ana sassauta faifin a ba shi 'yar rara, a lanƙwasa mai shiga ciki kamar wuyan riga ana ɗan ja shi kaɗan. A wuyan rigar amarya ya bi wannan ƙa'ida ba tare da ya tsaya tunaninta ba, ya kuma yi ɗinkin riƙe wuya kafin ya sa faifin domin kada shaddar ta buɗe, ya tsattsaga rarar, ya danne ta a jikin cin wuyan da wani layi daga ciki. Hannunsa ya san duk wannan, bakinsa ne bai saba faɗa ba. Kuma dole ne ya yi hattara a wurin, saboda shadda tana riƙe ramin allura, duk inda aka farke sai ya nuna.

Haɗa bakin faifin an yi shi a tsakiyar gefen ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. An bar inci biyu ba a ɗinka ba a farko, da aka zagayo aka farke ɗan ɗinkin ƙarshen, aka yanke igiyar ta yadda bakunanta biyu suka haɗu kai da kai ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, aka kalmashe rabin inci na zirin aka rufe da shi. A aikin farko an gicciya bakunan ne kawai aka danna su cikin ɗinki, abin da ya bar tudu a kowace riga. Zif kuma mun bar shi inda yake, a jikin bayan filo, inci biyu sama da bakin ƙasa, wanda shi ne abu ɗaya da aka yi daidai tun farko, domin sa zif a jikin faifin aiki ne mai wuya da ba shi da wata riba a nan.

Saboda an riga an datse kusurwoyin tsohon ɗinki, kuma tabon launi ya shiga kimanin kwatan inci daga layin, sai muka shigar da sabon ɗinki ciki da kwatan inci a kowane gefe. Rigunan suka dawo inci 17½. Wannan bai cutar da komai ba, har ma ya taimaka, domin riga da ta ɗan fi filonta ƙanƙanta tana sa shi ya cika ya tsaya. Biyu daga cikin huɗun da aka wanke ne dabarar ba ta cece su ba, saboda an bar su jiƙe a ninke cikin bokiti, jan ya sauka a tsakiyar fuskarsu. An juya tsarinsu, aka yanko sabuwar fuska daga ragowar yadin Hajiya, wadda ta isa fuska biyu kacal, bayansu kuma aka yi shi da sabon yadi daga Kwari wanda launinsa ya ɗan fi na asali haske.

Wa ya ɗauki asarar

A nan ne aka ɗan ja magana. Mai shagon ya amsa laifin yanka da na igiya da na ƙafar keke ba gardama, amma ya ce yadin da ya zuba Hajiya ce ta sayo shi. Ita kuma ta ce, "Malam, ni na san yadi mai kyau a ido, ku ne kuka san wanda zai zuba." Ina ganin gaskiya tana wajenta. Duk telan da aka kawo wa launi mai duhu a ce ya ɗora shi a kan mai haske, gwajin zuba yana cikin aikin da aka biya shi, ko da ba a ambata ba. Yaron kuwa ban ɗora masa komai ba face rashin tambaya, domin an ce masa ya lallaɓa yadi, ba a kuma taɓa zaunar da shi an yi masa lissafin ziri ba. A ƙarshe shagon ya ɗauki kuɗin sabon yadin makuba da na igiya da dukkan aikin, Hajiya ta ce ita za ta biya yadin bayan rigunan nan biyu, tun da a gidan 'yarta aka bar su a bokiti.

Gyaran ya ci kwana huɗu na mutum biyu, alhali aikin farko kwana biyu ya ci na mutum ɗaya. Kafin a mayar da kayan na sa aka wanke riga ɗaya sau biyu, aka shanya, aka auna: inci 17½ a kowane gefe, kusurwoyinta a kwance, ruwan wankin kuma bai canza launi ba. Rigunan nan biyu masu hasken baya Hajiya ta gane su tun kafin a nuna mata, ta ware su gefe, ta ce a gaya wa amarya ta riƙa jingina su a kujerar da ke jikin bango.